Waken Da Inna Ta Ba Ni Ajiya Ya Lalace A Legas

Assalamu alaikum Anti Turai,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Babbar Sallah. Saura mako uku, kuma ban san abin da zan yi ba. Sau uku ina rubuta miki wannan wasiƙa ina gogewa. Ki yi haƙuri idan ta yi tsawo, ban saba faɗa wa kowa damuwata ba, shi ya sa ban san inda ake farawa da inda ake tsayawa ba. Ina roƙon kada a sa cikakken sunana. A gida Ummi ake ce mini, shi ya isa.

Shekarata goma sha bakwai, ina aji biyar na sakandare. A Dutsin-Ma aka haife ni, a can na yi karatu har zuwa watan Maris na bara, lokacin da muka koma Legas. Babana ya riga mu zuwa da shekara biyu, yana aikin sito a wani kamfanin fulawa kusa da tashar jiragen ruwa. Da ya samu ɗaki biyu a Ijora sai ya zo ya ɗauke mu, ni da Mama da ƙanwata.

Amma maganar ba daga nan ta fara ba, daga Inna ta fara, mahaifiyar Babana. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ake kirana Ummi, ita kuma takwara take ce mini. Asalinta 'yar Shema ce, aure ya kai ta wani ƙauye a ƙasar Kurfi fiye da shekara hamsin da suka wuce. Cikin kayan da ta tafi da su ɗakin miji har da wani irin wake da mahaifiyarta ta ba ta, ita ma daga tata mahaifiyar ta samu. 'Ya'yansa ƙanana ne, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi. Yana nuna da wuri, tun gero bai isa girbi ba, daidai lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu. Ba ya buƙatar kanwa kafin ya dahu. A ƙauyen nan waken 'yar Shema ake ce masa. Inna takan ce shi ya fitar da 'ya'yanta daga yunwa a shekarun da ruwa ya ɗauke. Duk hutun da na je wurinta sai ta zaunar da ni tsince wake tana zolayata, wai 'yar boko ba ta san bambancin wake da gujiya ba sai an rubuta mata a allo.

A ƙarshen shekarar bara waccan, abin da ya samu ƙauyuka da yawa a yankinmu ya samu nasu. Ba zan ba da labarin ba. Alhamdulillahi ba mu rasa rai ba, amma an ƙona rumbuna. Inna ba ta ajiye iri a rumbu, a ɗakinta take ajiyewa cikin tulu. Da tulun nan ta fito, ta bar suturarta da kwanukanta. Daga nan ita da Baffa Usaini, ƙanin Babana, suka koma cikin garin Kurfi da zama.

Da za mu tafi Legas muka je Kurfi yi mata sallama. Bayan an ci abinci ta kira ni ɗaki, ta shimfiɗa zane, ta juye waken ta raba shi biyu. Ta ce ta ga abin da ajiya a wuri ɗaya take jawowa. Rabi zai zauna a wurinta a shuka da damina, rabi kuma zai bi ni Legas inda ba mai ƙona rumbu. Ta ce ba za ta ba Babana ba, namiji sai ya manta ko ya ba matarsa ta dafa. Ba ta da ɗiya mace a raye, kuma waken mata ne, don haka ni ce zan riƙe. A gabana ta tankaɗe toka da rariya, ta cakuɗa da waken, ta zuba a wani ƙaramin tulu, ta toshe bakin da tsumma ta liƙe da laka. Haka ake yi a wurinmu don kada ƙwari su ci, kuma yakan shekara biyu lafiya lau.

Babana ya leƙo ya ce da an zuba a galan na roba mai murfi, ya fi sauƙin tafiya. Har yanzu ina jin muryarta: "Wa ya faɗa maka iri na son roba? Iri rai gare shi, numfashi yake. Takwara, kada ki bari ya sa miki shi a leda." Baba ya janye maganar, don ba ya musu da ita. Ta ce in sa shi a ƙasa, ƙarƙashin gado, inda babu rana, kuma kada in buɗe sai ta aiko. A kan cinyata na riƙe tulun nan tun daga Dutsin-Ma har Legas. Ko da aka tsaya sallah a hanya ban bar shi a mota ba.

Anti, ban san yadda zan kwatanta miki Legas ba idan ba ki taɓa zama ba. Ni da nake ganin na san zafi, tunda a Dutsin-Ma a watan Afrilu ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da rana. Amma zafinmu busasshe ne. Idan ka shiga inuwa ka zauna, gumi zai bushe, ka sha ruwan randa ka ji sanyi har cikin kai. A nan gumi ba ya bushewa. Ka yi wanka, kafin ka gama sa kaya ka sake jiƙewa. Mama ta taho da randarta, ruwan ciki bai taɓa yin sanyi ba, sai gansakuka da ta yi a gindi. Gishiri ya zama ruwa a kwano. Ashana ta ƙi kamawa. Kukar da Mama ta taho da ita da busasshiyar kuɓewa duk suka dunƙule suka yi funfuna cikin wata biyu, ta zubar tana ƙwalla. A gida idan na wanke kayan makaranta bayan la'asar, kafin magariba na kwashe. A nan sai su kwana biyu a igiya da sauran danshi, in sa su haka. Wata yarinya a ajinmu ta taɓa matsar da kujerarta ta ce ina warin tsohon soso. Wuyana da bayana duk ƙurajen zafi ne ƙarƙashin hijabi. Littattafan da na zo da su shafukansu sun manne, takalmina na Sallah ya yi fari-fari a cikin kwali.

Duk wannan yana faruwa a gabana, amma wallahi ban taɓa kawo tulun a raina ba. Gani nake Inna ta liƙe shi, ba abin da zai shiga. Duk ranar Juma'a nakan leƙa ƙarƙashin gado in gan shi a wurinsa, in ji daɗi na riƙe amana.

A watan Yuli aka yi ruwan kwana uku ba tsayawa. Ɗakinmu a ƙasa yake, ruwa bai shigo ba amma siminti ya riƙa tsatsafo da laima. Ina shara sai na ji wani wari mai tsami daga ƙarƙashin gado. Da na jawo tulun na ji jikinsa da sanyi da santsi, lakar bakin ta yi laushi. Na jira Mama ta tafi kasuwa, na buɗe. Tokar ta sha ruwa ta daskare kamar kwaɓin laka. Waken sama ya kumbura ya yi gashi fari da kore, na ƙasa ya yi baƙi yana narkewa a hannu. Wasu sun fara tsira a cikin duhu sun mutu.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi damuna. Na yi abin da kowa zai yi a gida, na juye shi a tire na kai bayan gida na baza don ya sha iska. Babu rana sosai, amma na ce ai iska ma tana busarwa. Kwana huɗu ina fitar da shi idan na dawo makaranta ina ɓoyewa kafin Baba ya dawo. Kullum ƙara lalacewa yake. A rana ta huɗu wata maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da garin rogo ta gan ni. Ta ɗebi waken ta shinshina, ta girgiza kai. Da ɗan Turancin da muke fahimtar juna ta ce iskar garin nan ruwa ce, abin da ka baza mata jiƙa shi take yi, kuma tukunyar ƙasa tana shan laima ta jikinta. Ta ce su a kwalba ko roba mai murfi suke ajiyewa, mai hali ya sa a firji. Ita ta taya ni tsince waɗanda ba su fashe ba, ba su fi cikin tafin hannu biyu ba. Ta kai su saman kwanon shagonta ranar da rana ta fito, sannan ta zuba mini a kwalba ta ɗaure murfin. Sauran na zubar a kwata. Na cika tulun da tokar, na sake liƙe bakin, na mayar ƙarƙashin gado. Har yau yana nan, kowa a gidan yana ganin wake ne a ciki.

Bayan wata biyu malamin aikin gona ya koya mana darasin ajiyar iri da yawan laimar da ke kashe shi. Na ci maki tara cikin goma a gwajin darasin.

Na so in faɗa tun lokacin. Amma na ce a raina ai rabin Inna yana nan, Baffa Usaini ya shuka shi a wata gona da ya ara. Idan aka yi roro da kaka za a samu sabon iri, sai in faɗa a lokacin da maganar ba za ta yi zafi ba. Duk sallar da na yi sai na roƙi Allah ya ba gonar nan albarka. Waken ya yi kyau kuwa, Baffa ya turo hoto. Amma gonar tana da nisa da gari, kuma daidai lokacin roro hanyar ta ƙi biyuwa, aka yi makonni ba mai zuwa. Da Baffa ya samu zuwa bai tarar da abin ɗauka ba, ko harawa babu. Kuma duka irin ya shuka, bai rage ko ƙwaya ba, tunda kowa ya san akwai na Legas.

Ranar da aka bugo waya aka faɗa, Baba ya sa muryar a fili muna ji. Inna ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi a ba ta takwara. Da na karɓa ta ce, "Kin ga amfanin rabawa ko? Su Usaini suna ta salati, ni ko a jikina. Na ce musu nawa yana bakin teku yana hutawa." Ta yi dariya, ta tambaye ni ko yana nan lafiya. Anti, na ce mata yana nan lafiya. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani, Baba da Mama suna kallona suna murmushi.

Wata shida ke nan. Duk ranar Juma'a ana bugo waya, duk ranar Juma'a tana tambaya, ni kuma ina maimaita ƙaryar. Na daina ƙirgawa. Yanzu ta ce Baffa ya samu wata 'yar gona a bakin gari, inda ake hango rufin gidaje, kuma ba za a shuka komai a ciki ba sai gero da wakenta. Baba zai je gida Babbar Sallah, shi zai kai tulun. Mu ba za mu je ba saboda makaranta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya na raka Mama kasuwa, na ga wani wake a wurin wani mai hatsi, ƙanana, ruwan ƙasa, da ɗigo. Ba shi ba ne, ɗigon ya fi girma, amma sai wanda ya sani zai gane. Washegari na koma ni kaɗai na saya, yana cikin jakar makarantata. Inna tana da yanar ido, ba ta gani sosai yanzu. Idan na cakuɗa shi da toka na liƙe, wataƙila ba za ta gane ba sai ya fito, wataƙila ma a ce ƙasar sabuwar gonar ce ta canza shi. Wani lokaci kuma sai in ce gara in saki tulun ya fashe a bakin kwata in ce tsautsayi ne. Na san duka biyun ba daidai ba ne, an koya mana a Islamiyya. Amma idan na tuna tsohuwar da ta rasa gidanta da gonarta da duk abin da ta tara, wannan kaɗai ya rage take dariya a kansa, sai in ga kamar faɗin gaskiyar ne zaluncin. Tana da hawan jini. Idan wani abu ya same ta ta dalilina fa?

Waken da ya rage a kwalbar nan kuma ban taɓa gwada shuka ko ɗaya ba. Tsoro nake ji. Muddin ban gwada ba, ina iya cewa ƙila suna da rai.

Na daina cin wake. Karatuna ya ja baya, malamar ajinmu ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Mama tana ganin kewar gida ce, har tana lallashina wai idan an yi dogon hutu za ta roƙi Baba ya bar ni in je wurin Inna. Da, ba abin da nake so kamar wannan. Tun da muka zo nake mafarkin in koma inda zan shanya kaya su bushe. Yanzu garin nan ya ƙi karɓata, can ɗin kuma ni na rufe wa kaina ƙofa. Wake ya wuce hannun mata uku ko fiye, ya tsallake fari, ya tsallake wuta, a hannuna ya mutu cikin wata huɗu, kuma ban saɓa ko ɗaya daga abin da aka ce in yi ba.

Anti, in sa na kasuwar? Idan ba haka ba, da wane baki zan faɗa, kuma wa zan fara faɗa wa? Ni ko kallon idon Babana ba na iya yi idan muna magana.

Taki cikin damuwa,
Ummi, daga Ijora, Legas

AMSAR ANTI TURAI

Wa alaikumus salam Ummi,

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Waken nan na cikin jakarki, ki fito da shi yau ki ba Mamanki ta dafa. Muddin yana hannunki zuciyarki za ta ci gaba da komawa kansa, kuma ranar da Babanki zai ɗaura kaya ba za ki samu natsuwar yin tunani ba.

Na san tausayi ne ya kai ki sayensa, ba mugunta ba. Amma ki dubi abin da zai biyo baya. Matar da ta shekara hamsin tana tsince wake ɗaya ba da ido take gane shi ba, yatsunta sun san shi. Idan ma ya wuce hannunta, ba zai wuce gona ba. Za a shuka, a yi noma, ta zauna tana jiran ya nuna kafin gero, ya ƙi. A lokacin damina ta tafi, gonar da Baffanki ya samu da ƙyar ta tafi a kan waken da ba a san halinsa ba, kuma dole a dawo kanki da tambaya. Abin da kike gudu zai zo, ya tarar da ƙarya ta biyu a kan ta farko. Fasa tulun ma haka ne.

Yanzu ki raba abu biyu da kika haɗa kika ɗora wa kanki. Lalacewar waken ba laifinki ba ne, kuma ba don in kwantar miki da hankali nake faɗa ba. An ce ki sa a ƙasa, kin sa. An ce kada ki buɗe, ba ki buɗe ba sai da wari ya fito. Dabarar Inna ta toka da tulu daidai take a Kurfi, shi ya sa ta yi mata aiki tsawon rayuwarta. Ba ta taɓa zama inda iska ke ɗauke da ruwa ba, ba yadda za a yi ta sani. Idan akwai wanda ya kamata ya hango, Babanki ne da ya yi damina biyu a garin kafin ku, ya kuma kawo maganar roba ya janye. Shi ma ba na zarginsa, ladabi ne ya rufe masa baki a gaban mahaifiyarsa. Ina faɗa miki ne don ki san ba ke kaɗai ba ce a cikin wannan kuskure, kuma ke ce ƙarama a cikinsu.

Abu na biyu shi ne shirun da kika yi da amsar da kike bayarwa duk Juma'a. Wannan naki ne, ba zan ɓoye miki ba. Na fahimci yadda ya fara, manya da yawa da za su yi irinsa a gaban murmushin iyaye. Amma shi ne abin da ke yin ɓarna yanzu, fiye da funfuna. Ga dalili. Irin da ya shekara hamsin a ƙauye ba ya zama a ɗaki ɗaya. Wake har ya yi suna a gari, ai an roƙa an bayar. Akwai maƙwabtan da suka ɗiba, akwai amaren da aka ba, akwai dangin Inna a Shema da ƙila har yanzu wata jikar 'yar'uwarta take shukawa a bayan gida ba ta ma san darajarsa ba. Wa ya san sunayen mutanen nan? Inna kaɗai. Kuma ba za ta aika nema ba muddin tana ganin nata yana Legas. Yanzu ne iri yake hannun mutane. Da ruwa ya zauna kowa zai zuba nasa a ƙasa, sai kuma wata kakar. Kowane mako kika ƙara kina shiru, daga kwanakin nema kike cirewa.

Kin tambayi wa za ki fara faɗa wa. Mamanki, kuma yau, ba gobe ba. Ita ta zubar da kukarta da hannunta, ba sai kin yi mata dogon bayani ba. Idan baki ya ƙi buɗuwa, jawo tulun ki fasa lakar a gabanta, ko ki miƙa mata wannan shafi ta karanta. Ita za ta san yadda za ta tari Babanki. Zai iya yin faɗa, ki saurara, kada ki kare kanki, zai wuce. Shi zai kira Baffa Usaini, a zaɓi lokacin da Inna ta ci abinci ta sha maganinta, Baffa yana zaune kusa da ita. Tsoronki game da hawan jininta yana kan hanya, shi ya sa nake cewa a shirya, kada labarin ya faɗo mata ranar Sallah daga cikin tulun toka. Amma idan an zo faɗa, ke za ki faɗa da bakinki, tunda ke ta ba. Gajeren zance: Inna, laimar garin nan ta lalata waken tun bara, na ji tsoro na ɓoye miki, ki yafe mini. Kada ki ƙara da cewa ita ta hana a sa a roba. Za ta tuna da kanta.

Na kwalbar kuma, ki daina ajiye su don su riƙe miki fata. Ki ɗebi goma, ki naɗe a tsumma mai ɗan danshi, ki ajiye a inuwa, ki riƙa yayyafa ruwa. Cikin kwana biyar zuwa bakwai za ki sani. Idan ko ɗaya ya tsira, ki dasa shi a bokiti, sauran kuma a ba mota ta kai Kurfi ba sai an jira Sallah ba, a shuka su a cikin gida inda ido ke kansu. Idan babu wanda ya tsira, duk da haka a aika da su. Baffanki zai iya nuna wa masu hatsi a kasuwar Kurfi da malaman gona, abin da aka gani ya fi saurin samuwa a kan abin da aka kwatanta.

Game da zamanki a nan, shekarar farko ita ce mai wuya ga duk wanda ya zo daga Arewa. Ku ɗaga kaya daga siminti, ku matsar da gado daga bango, abinci busasshe a roba mai murfi. Ki riƙa bin kayan makaranta da dutsen guga kafin ki sa, ki nemi hijabi na auduga mara nauyi, ƙurajen kuma ki nuna wa mai magani. Maƙwabciyar nan taku ki riƙe ta, ku tambaye ta duk abin da ya shige muku duhu.

Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Waken da ya sha irin wannan laima da wuya ya tashi, kuma mutanen da Inna ta ba iri da yawansu sun watse kamar yadda ta watse. Mai yiwuwa a nema a rasa. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta nemi a ba ki waya ba. Ki jure, ki ci gaba da gaishe ta ko ta bakin Baffa ne. Amma abin nata ne, Ummi. Tana da haƙƙin ta san ya tafi tun da sauran lokacin da za ta ce a je gidan wance a tambaya. Wannan ne kaɗai abin da ya rage a hannunki da za ki iya mayar mata, kuma kullum raguwa yake.

Allah ya ba ki ƙarfin buɗe baki, ya sanyaya zuciyar Inna, ya dawo da mutanenmu gonakinsu lafiya. Ki koma kan karatunki.

Anti Turai